Waƙar Tabbat Haƙiƙa da Yadda Mu Ke Karantar da Ita

An saba ɗaukar waƙoƙin masu jihadi a kan wa'azi ne kurum, watau tsoratarwa da wuta da kwaɗaitarwa da aljanna. Ni kuwa ina ganin wannan ra'ayi ya rage musu daraja, kuma waƙar Tabbat Haƙiƙa ta isa shaida.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya tsara ta da Fulatanci, sa'an nan 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Abin lura shi ne waɗanda waƙar ta nufa. A littafin Kitabul Farƙ, Shehu ya zargi sarakunan Haɓe da ɗora wa talakawa haraji irin su jangali da karɓar gaisuwa. A wannan waƙa kuwa gargaɗin ya haɗa har da jama'arsa: mai mulki da ya ci dukiyar talaka, alƙalin da ya karɓi hanci, mai tauye mudu a kasuwa. Ƙarfinta yana ga ambaton laifi da sunansa, sa'an nan amshi ya biyo baya a ƙarshen kowane baiti kamar hatimi a kan hukunci.

Ba Shehu kaɗai ya ji wannan tsoro ba. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya taɓa barin jama'a ya nufi gabas don ganin son duniya ya shige su, har ya tsaya Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam. Muhammadu Buhari ɗan Shehu kuwa a Tambuwal ya zauna. Ashe gidajen da aka danƙa wa mulki bayan 1804 su ne farkon waɗanda waƙar ta ke yi wa magana.

To, ga inda mu manazarta mu ke da laifi. Mukan ƙidaya gaɓoɓi, mu fitar da kari da amsa-amo, mu tsaya nan. Nazarin kari wajibi ne, amma malamin da zai karantar a Tambuwal ko Kebbe ya kamata ya tambayi ɗalibansa: wa aka zalunta a wannan baiti, wa ya zalunce shi, yau fa? Ɗan manomin da ya iya amsa wannan ya san haƙƙinsa, kuma da wuya a danne shi bai ce uffan ba.