Jarumin da Ƙarfinsa ke Ƙarewa: Sharhi a Kan Wasan Gloomhaven

Gabatarwa

Mun san wasu daga cikin 'yan ƙungiya za su yi mamakin ganin sharhin wasa a wannan fili da aka saba feɗe littafi. To, a yi mana uzuri a biyo mu a hankali. Wasan da za mu duba labari ne da aka zuba a akwati maimakon bango biyu, yana da jigo, yana da taurari, yana da zubi da tsari, har ma da ɗan littafin da ake karantawa a fili kafin kowane fage. Saboda haka awon da muke yi wa ƙagaggen labari shi za mu yi masa. Abin da ya ja hankalinmu gare shi kuwa shi ne, ya warware wata matsala da ta daɗe tana damun masu rubuta labaran jarumta a cikinmu, wato yadda za a sa mai karatu ya ji tsoron abin da zai sami jarumi alhali ya san jarumin ne tauraron labari.

Asalin wasan

Gloomhaven ya fito ne a Amurka a shekarar 2017. Wanda ya tsara shi, Isaac Childres, masanin ilimin fiziks ne, kuma kamfaninsa Cephalofair Games ne ya buga shi bayan ya tara kuɗin ɗab'i daga hannun masu sha'awa ta kafar Kickstarter a 2015. Akwatin wasan ya kusa kilo 10. A cikinsa akwai taswirar ƙasa, da gutsattsarin alluna da ake harhaɗawa su zama ɗakunan kogo, da 'yan gumakan roba na jarumai, da ɗaruruwan katuna, da littafi mai fage 95. Mutum 1 zuwa 4 ke bugawa, kuma duk gefe ɗaya suke, su ne ke haɗa kai a kan dodannin da doka ke tafiyar da su. Kada kalmar kati ta firgita kowa, ba a zuba kuɗi a cikinsa, ba shi da haɗi da caca. Sharhinmu ya tsaya ne a kan bugun farko na 2017.

Wasan yana da magabata. Tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya ke ba da labari da baki sauran suna faɗin abin da taurarinsu za su yi. A 1989 HeroQuest ya mayar da wannan tafiya ta cikin kogo kan allo, sannan Descent ya biyo baya a 2005. A cikin waɗannan duka akwai abu biyu: mutum guda da ke riƙe da dodanni, da kuma ƙwayar lido da ake jefawa don a ga ko sara ya kama. Childres ya kawar da su biyun. Masu wasa sun karɓi abin da ya kawo hannu biyu, domin a jerin da shafin BoardGameGeek ke yi, Gloomhaven ya riƙe matsayi na ɗaya daga ƙarshen 2017 har zuwa farkon 2023, lokacin da Brass: Birmingham ya ture shi.

Jigo da taurari

Labarin yana faruwa ne a wani ƙagaggen gari na bakin teku mai suna Gloomhaven, can gefen duniyar da mutane suka sani. Taurarin sojojin haya ne, kuɗi suka zo nema. Wata attajira mai suna Jekserah ce ta fara ɗaukar su aiki, su je wata tsohuwar makabarta da 'yan fashi suka mayar maɓoya su ƙwato mata wasu takardu. Daga nan hanya ke rassa, wani zaɓi ya buɗe sabon wuri a taswira, wani kuma ya rufe wata ƙofa har abada. Jarumai 17 ne a akwatin, amma 6 kaɗai ake iya farawa da su. Sauran suna rufe a ƙananan kwalaye sai an cancanci buɗe su.

Idan muka tsaya a kan rubutun da ke cikin littafin fage, gaskiya ba mu ga abin a zo a gani ba. Wanda ya ɗauke ka aiki ya zama maci amana, mugun abu yana barci a ƙarƙashin ƙasa wasu na son tashinsa, ƙwarangwal na tafiya da ƙafa: duk an sha jin waɗannan. Da a ce wani ɗan ƙungiya ne ya kawo mana wannan a matsayin rubutun littafi, da mun mayar masa ya sake zama a kai. To, me ya sa mutane ke shafe watanni a kansa ba su gaji ba? Amsar tana cikin katunan da ɗan wasa ke riƙe da su.

Zubi da tsari

Kowane jarumi yana shiga kogo da ƙidayayyun katuna. Ƙaton mayaƙin da suka kira Brute yana da 10, matsafiyar da suka kira Spellweaver tana da 8, maƙerin dabaru Tinkerer yana da 12. Kowane kati an raba shi biyu, sama yawanci hari ne, ƙasa yawanci tafiya. A kowane zagaye ɗan wasa zai zaɓi kati biyu a ɓoye, ya yi amfani da saman ɗaya da ƙasan ɗayan. Akwai kuma lamba a tsakiyar kati wadda ke nuna wa zai riga wani motsi, mai ƙaramar lamba shi ke farawa. Sai kowa ya ajiye nasa sannan a buɗe katin dodanni a ga abin da suka ƙulla. Sau da yawa sai ka shirya sara, ka tarar wanda za ka sara ya riga ya matsa, dole ka juya katunanka ka yi abin da ba ka yi niyya ba.

Katin da aka yi amfani da shi yana komawa gefe. In hannu ya ƙare sai jarumi ya huta ya kwaso su, amma kowane hutu yana cinye kati ɗaya wanda ba zai dawo ba har ƙarshen fagen. Bari mu yi lissafin tare. Brute mai kati 10 zai yi zagaye 5 ya huta, ya koma da 9 ya yi 4, da 8 ya yi 4, da 7 ya yi 3, haka dai abin ke tsukewa, jimilla zagaye 25 yake da su na faɗa. Ranar da ya kasa fitar da kati biyu, ya gaji ke nan, a ɗauke shi daga allo ko da ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Ga inda gwanintar take. Katunan da suka fi ƙarfi, irin waɗanda ke share ɗaki a bugu ɗaya, da yawansu sau ɗaya ake amfani da su su ƙone. Idan Brute ya ƙona irin wannan kati tun a ɗakin farko, ya rage wa kansa zagaye 4, daga 25 ya koma 21. Idan kuwa ya haƙura sai da katunansa suka koma 4, zagaye ɗaya kacal zai rasa. Haka nan idan mummunan sara ya zo masa, yana iya kauce masa ta hanyar sadaukar da kati ɗaya daga hannunsa. Ashe duk bajintar da jarumi ya nuna, da kwanansa ya saye ta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A ɗakin ƙarshe za ka ga mutum huɗu sun yi tsit suna ƙirga katunan hannunsu, dodo na gabansu, kowa yana tuna ɓarnar da ya yi a ɗakin farko. Babu jimla ɗaya a littafin fage da ta kai wannan shirun tasiri.

Sa'a ba ta ɓace gaba ɗaya ba. A madadin ƙwayar lido, kowane jarumi yana da tarin kati 20 da yake jan ɗaya duk lokacin da ya kai hari: shida ba sa ƙara komai, biyar suna ƙara ɗaya, biyar suna rage ɗaya, ɗaya ya ƙara biyu, ɗaya ya rage biyu, ɗaya ya ninka, ɗaya kuma ya sa sara ya tafi a banza. Bambancinsa da lido shi ne, ɗan wasa ya san abin da ya fita da abin da ya rage, kuma yayin da jaruminsa ke gogewa ana ba shi damar cire munanan katuna ya sa nagari. Wato ƙaddara tana nan, amma ƙoƙari yana rage mata kaifi.

Abu na biyu da ya burge mu shi ne yadda aka gina hali. Kowane jarumi yana da burinsa na kansa a rubuce a kati, kuma a kowane fage yana da wata ɓoyayyiyar manufa da abokansa ba su sani ba. Zinariyar da ta faɗi kuwa ta wanda ya tsinta ce, ba a rabawa. Sai ka ga ana tsakiyar gumurzu wani ya bar abokinsa da dodo ya nufi akwatin dukiya. Ba a rubuta ko'ina cewa wane makwaɗaici ne ba, aikinsa ne ya nuna. Idan kuma jarumi ya cika burinsa, dole ya yi ritaya, mai shi ya ajiye shi ya buɗe sabon kwali. Mutum ya shafe makonni yana rainon tauraro, sannan doka ta ce a rabu.

Inda aka gaza

Ba za mu rufe ido a kan kurakurai ba. Na farko, yawancin fagagen manufarsu ɗaya ce, a kashe duk abin da ke motsi. Bayan fage ashirin sai tafiyar ta fara kama da littafin da kowane babinsa ke ƙarewa da yaƙi. Na biyu, rassan labarin sun yi yawa har zaren ya kan kuɓuce. Ƙungiyar da ke haɗuwa mako-mako tana iya dawowa kan wani reshe bayan wata biyu ta tarar babu mai tuna dalilin zuwa wurin. Na uku, wahalar shiri: jera alluna da ware katunan dodanni na cin lokaci mai yawa kafin a fara, ga dokokin motsin dodanni da ke jawo gardama. Kamfanin ya gane haka, shi ya sa a 2020 ya fitar da ƙaramin wasa mai suna Jaws of the Lion, mai fage 25 da jarumai 4, wanda ake bugawa a kan shafukan littafi kai tsaye, kuma fagagensa biyar na farko koyarwa ne. Mai son ɗanɗanawa da shi ya kamata ya fara.

Na huɗu ya fi shafar mu marubuta. Childres ya yi ƙoƙari ya ƙirƙiro jinsunan halittu nasa, irin su Inox da Vermling da Quatryl, bai ari na magabata ba. Sai dai ya faɗa ramin da suka faɗa, na liƙa wa al'umma guda hali ɗaya, waɗannan masu ƙarfi ne marasa wayewa, waɗancan abin ƙyama ne. A 2021, yayin aikin Frosthaven, wasan da ya biyo bayan wannan, shi da kansa ya sanar cewa ya ɗauki mai ba da shawara kan al'adu don gyara irin wannan. Mun yaba da amsa kuskure, kuma hannunka mai sanda ne ga duk wanda ke rubuta wata ƙabila a labarinsa kamar mutum ɗaya ce.

Darasi ga marubuci

Labarin jarumta ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun daga Ganɗoki na Bello Kagara da aka buga a 1934, zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har zuwa littattafan yaƙi da matasa ke rubutawa, masu karatunmu na son sadauki da takobi da aljani. Amma a cikin rubuce-rubucen da sababbin marubuta ke kawowa a duba musu, ciwo ɗaya muke yawan gani. Sadauki ya kashe dakaru dubu da safe, ya kashe dubu biyu da yamma, takobinsa bai dakushe ba, layarsa ba ta ƙare ba, ko ƙishirwa bai ji ba. In ya shiga tsaka mai wuya sai marubuci ya jefo masa zoben tsafi daga sama. Marubucin yana zaton yawan gawa shi ne ke ɗaga hankali, alhali mai karatu ya riga ya gane babu abin da zai sami wannan mutum, ya fara tsallake shafi.

Shawararmu ita ce, kafin ka tura jaruminka cikin kogo, ka zauna ka ƙirga masa katunansa. Kibiya nawa ce a kwarinsa? Sau nawa layar za ta yi aiki, kuma me take karɓa a madadi? Kwana nawa guzurin zai kai? Ka sanar da mai karatu wannan lissafi tun da wuri, sannan ka riƙe amana, kada ka ƙara masa ko ɗaya a ɓoye. In ya yi amfani da babban makaminsa a babi na uku don ceton abokinsa, to ya isa babi na goma hannu wofi, mu ga yadda zai yi. A nan ne halinsa zai fito, domin zaɓin da mutum ya yi lokacin da abin hannunsa ya ƙaranta shi ke nuna ko wane ne shi. Wannan bai tsaya ga labarin yaƙi ba. Ko a labarin soyayya ko na zaman gida, tauraruwar da haƙurinta da kuɗinta da mutuncinta ba sa raguwa komai ta yi, ba za ta tsaya wa kowa a rai ba.

Kammalawa

A ma'auninmu, Gloomhaven matsakaicin labari ne a rubuce, amma gagarumin aiki ne a tsari. Tsadarsa da nauyinsa da kuma Turancin da ke cikinsa za su hana da yawa daga cikinmu taɓa shi, ko da yake tun 2021 akwai shi a kwamfuta. Wanda bai samu ba bai yi asarar darasin ba. Ya ɗauko rubutunsa na ƙarshe, ya bi shi babi-babi da biro, ya rubuta a gefen shafi abin da jaruminsa ya rasa a kowane babi. In ya kai ƙarshe gefen shafin fari fat, to aiki bai ƙare ba tukuna.