Shirun Ladabi da Shirun Tsoro: Jigo da Taurari a Littafin Purple Hibiscus

Gabatarwa

Daga cikin ƙagaggun labarai akwai nau'in da yake bin yaro ko yarinya tun daga ƙuruciya har zuwa lokacin mallakar hankali. Abin da mai nazari yake nema a irin wannan labari shi ne sauyin da ya sami tauraro, da kuma abin da ya haddasa sauyin. A wannan maƙala za mu dubi littafin Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, wanda aka rubuta da Ingilishi, aka buga a shekarar 2003. Ra'ayinmu shi ne, ma'aunin girma a littafin shi ne baki: wanda ya sami ikon magana ya girma, wanda aka ƙwace wa ita ya tsumbure.

Taƙaitaccen Labarin

Kambili, yarinya 'yar shekara 15, ita ce take ba da labarin da bakinta. Tana zaune a Enugu tare da wanta Jaja da iyayensu. Mahaifinsu Eugene attajiri ne mai masana'antu da jarida, kuma ɗan ɗarikar Katolika mai tsanani. A waje an san shi da kyauta da faɗa wa gwamnatin soja gaskiya. A gida kuwa shi yake rubuta wa 'ya'yansa jadawalin kowace sa'a, yana kuma dukan matarsa Beatrice har ta yi ɓari. Al'amura sun fara sauyawa ne da yaran suka je hutu Nsukka wurin gwaggonsu Ifeoma, malamar jami'a.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne danniya a cikin gida da yadda ake kuɓuta daga gare ta. Mai karatu Bahaushe, wanda ya tashi cikin al'adar da take yabon kunya da kawaici, zai iya ɗaukar Kambili da farko a matsayin yarinya mai tarbiyya: ba ta ɗaga murya, ba ta musu, tana zuwa ta ɗaya a aji. Sai dai marubuciyar ta warware mana wannan zato a hankali. Ran da Kambili ta zo ta biyu, tsoro ne ya kama ta. Tana ruga wa direba da zarar an tashi daga makaranta don gudun hukunci, 'yan ajinsu kuwa suna ganin girman kai ne. Ko a gaban baƙi magana takan maƙale mata a wuya. Ashe shirun nata na tsoro ne. Ladabi yakan fito daga zuciyar da take da zaɓi, ita kuwa ba ta da shi.

Gidan Ifeoma shi ne madubin da ya nuna wannan bambanci. Gida ne matsattse, ruwa da man mota suna wahala, amma yara suna gardama da dariya a wurin cin abinci, kuma uwarsu tana tsawata musu idan sun wuce gona da iri. Wato ba a jefar da tarbiyya ba, an dai raba ta da razana. Furen da littafin ya ci sunansa, wanda dangin yakuwa ne amma mai launin shunayya maimakon ja, a lambun wannan gida yake, kuma Jaja ya ɗauki rassansa ya dasa a Enugu.

Akwai ƙananan jigogi da suke tallafa wa babban. Na farko shi ne rikicin addini da al'ada: Eugene ya yanke hulɗa da mahaifinsa saboda yana bin addinin gargajiya, bai kuma yarda jikoki su wuce minti 15 a gidan tsohon ba. Na biyu shi ne mulkin soja: an kashe Ade Coker, editan jaridar Eugene, da bom a cikin wasiƙa, abin da yake tuna mana kisan Dele Giwa a shekarar 1986. Ta haka aka jera gida da ƙasa kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana ƙarƙashin mutum ɗaya da ba a musa masa.

Taurari

Kambili ce babbar tauraruwa, kuma sauyinta ba na tsalle ɗaya ba ne. Matakansa ƙanana ne: murmushi a gaban Fada Amadi, sai amsar da ta ba 'yar gwaggonta Amaka cikin natsuwa ran da ta yi mata gorin ba ta iya gyaran ganyen miya ba, sai kuma ranar da ta kwanta a kan yagaggen zanen kakanta, mahaifinta yana shurinta har aka kai ta asibiti. A ranar ba ta yi jawabi ba, amma ta ƙi tashi, wannan kuwa ita ce a'a ta farko a rayuwarta.

Jaja ya bi wata hanya dabam. Shi ya fara tawaye da ƙin karɓar jibin Ubangiji, kuma da wannan ne aka buɗe littafin. Da Beatrice ta kashe mijinta da guba a shayi, shi ya ɗauki laifin, ya yi kusan shekara 3 a kurkuku, inda ya zama mai ƙarancin magana. Saboda haka yayin da bakin ƙanwa yake buɗewa, na wa yana rufewa. Wannan ya hana littafin zama tatsuniyar da kowa yake ƙarewa da dariya.

Eugene shi ne tauraron da aka fi ƙwarewa wajen gina shi. Da an ga dama da an yi shi miƙaƙƙen mugu. Amma shi mutum ne da yake zuba wa 'yarsa tafasasshen ruwa a ƙafa yana hawaye, kuma ya faɗa mata cewa wani fada ya taɓa yi masa irin wannan horo yana yaro. Ya yi imani ceton ta yake yi. Shi ya sa ko bayan mutuwarsa Kambili ba ta daina son sa ba, kuma a nan gaskiyar labarin take.

Ba mu rasa ganin rauni ba. Fada Amadi ya cika kamala, har ya zama tamkar magani da aka kawo wa Kambili, ba mutum mai nasa kokawar ba. Haka nan Beatrice: an bar abin da yake zuciyarta a duhu, har kisan ya zo wa mai karatu kamar daga sama. Za a iya cewa dabarar ba da labari daga bakin yarinya ce ta jawo haka, tunda ba ta ganin komai, amma duk da haka giɓin yana nan.

Kammalawa

Mun ga cewa jigo da taurari a wannan littafi ba sa rabuwa: ta hanyar abin da taurarin suka iya faɗa da abin da suka kasa ne jigon ya fito. Ɗalibanmu masu ƙaga labari suna da abin koyi a nan, wato a bar aiki ya bayyana halin tauraro, kada a tsaya yi masa wa'azi. Iyaye da malamai kuma suna da abin dubawa, domin yaron da ya yi shiru a gabanmu yana iya zama mai ladabi, yana kuma iya zama mai ɓoye tabo a ƙarƙashin riga.