Masu karanta maiƙon dutsen teku

Mai haƙa rijiyar lambu a fadamar kogin Jama'are yakan tarar da 'yan ƙananan dunƙulen baƙar tsakuwa cikin laka. Ƙarfe ne da manganis da suka taru saboda ruwa ya cika da damina ya janye da rani. Manyan irinsu suna shimfiɗe a ƙasan teku, zurfin mita 4,000 zuwa 6,000, wasu sun cika tafin hannu. Jirgin binciken Ingila, Challenger, ya ɗebo su a 1873. Sun fi yawa a tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Meziko.

Girmansu sai mai haƙuri: milimita kaɗan a shekara miliyan, ɓawo kan ɓawo, kewaye da haƙorin kifin shak ko ɓarɓashin dutse. To, ruwa ne kaɗai ya tara su, ko da hannun bakteriya?

Nan gwanayen ɗakin gwaji ke shigowa. Abin da ya mutu yakan ruɓe, amma maiƙon jikinsa na daɗewa, kuma kowane rukunin halittu da irin nasa. Sai dai ɗan mitsitsi ne ainun, shi ya sa rabin gwanintar tsabta ce. Ana gasa kwalabe a zafi wajen digiri 450, roba ba ta kusantar wurin, domin maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya. Gwani zai kankare ɓawon daki-daki, ya niƙa, ya jiƙa garin a sinadarin da ke tsotso maiƙo, sannan na'ura ta rarrabe shi bisa nauyi. Zane kawai take fitarwa, tsini-tsini. Daga nan sai idon mai aiki: wannan hofanoyid ne, na bakteriya, wancan kakin ganyen tudu ne da iska ta kwaso. Kada mai karatu ya yi mamaki, ƙurar hunturunmu ma tana kai kakin ganye har tsakiyar Atilantika.

Abin da ya fi burge ni shi ne kamun bakin gwanayen nan. An san wasu bakteriya na hanzarta daskarewar manganis nesa ba kusa ba, duk da haka gwani ba ya ganin maiƙo ya ce ga maginin gida, don wataƙila ɗan haya ne. Sai ya gwada ɓawon ciki da na waje, ya gwada da lakar da dunƙulen ke kwance a kai, kafin ya ce uffan.