Tsofaffin finafinan Hausa sun dawo, amma a wace kama?

Duk ranar Talata, idan kasuwar Talata Mafara ta cika ta batse da mutanen Bakura da Maradun da ƙauyukan gefen dam ɗin Bakolori, akwai wani ciniki da ba a auna shi da tiya. A shagunan cajin waya, saurayi ne zaune gaban kwamfuta, ana miƙa masa memori yana tura fim. Yawancin masu zuwa sabon fitowa suke nema, irin su Labarina da Izzar So. Amma ba a rasa magidanci ko uwargida da za ta aiko yaro da saƙo: a saka mata Sangaya, ko Wasila, ko wani tsohon fim na marigayi Ibro.

Wannan ƙishin tsohon fim ba na Hausawa kaɗai ba ne. A Amurka kamfanin Criterion ya yi suna wajen gyara tsofaffin finafinai yana sake fitar da su a faifai, tare da hirarraki da bayanin yadda aka yi su. A Indiya an wanke Sholay na 1975 tas, aka nuna shi a birnin Bolonya na Italiya a 2025, lokacin da ya cika shekara 50. Tambayar ita ce, mai son tsohon fim a Mafara me yake samu idan ya biya kuɗinsa?

Akwai fim ɗin Hausa da ya taki irin wannan sa'a. Shehu Umar ne, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Shekara da shekaru ana jin sunansa ba a ganinsa, har wasu suka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano ainihin zarensa a ma'adanar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta haɗa hannu da hukumar aka gyara hoto da sauti, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin da ya cece shi kuwa shi ne an ɗauke shi a kan zaren silima, wanda idan ya samu wurin ajiya mai sanyi yakan daɗe.

Finafinan da mutanen Zamfara suka tashi da su ba haka aka yi su ba. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, kaset ɗin bidiyo ne ya zama gidan fim ɗin Hausa. A kansa aka fitar da Gimbiya Fatima, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Sangaya na kamfanin Sarauniya, inda Ali Nuhu ya fito a Maina, Fati Muhammad ta fito a Zubaina. A wancan lokaci dillalai kan sari kaset a Bata da Ƙofar Wambai a Kano, ya biyo mota ta Funtuwa da Gusau ya iso Mafara. Da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da shari'a a Janairun 2000 aka rufe gidajen silima a jihar, kallo ya ƙara komawa cikin gida. Matan aure da 'yan mata su ne manyan masu kallon, kaset ɗaya sai ya zaga unguwa, daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ya fara ja.

Kaset kuwa ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son laima, kuma ƙasar Hausa tana da duka ukun. Zarensa kan manne ko ya yi fumfuna. Ko an samu mai lafiya, injin da zai buga shi ya zama abin nema, domin kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera bidiyon kaset, ya daina tun 2016.

Don haka abin da ke yawo yau a YouTube da cikin memori, sau da yawa kwafin kwafi ne. An juye daga kaset zuwa CD, daga CD zuwa kwamfuta, sannan aka matse shi don ya shiga ƙaramar waya. Fuskar jaruma Hauwa Ali Dodo ta dushe, ƙasan hoton yana rawa da farin layi, kiɗan fiyano yana hawa yana sauka, ga tambarin mai tasha ya tokare kusurwa. Abin da ya fi ciwo shi ne yankan da ake yi. Wani ya cire farkon fim da ƙarshensa, inda sunan marubuci da mai ɗaukar hoto da mawaƙa suke, ya bar waƙa da rawa kawai domin su ne ke jawo masu kallo. Yaron da ya ga guntun a yau ba zai san wa ya rubuta ba, balle shekarar da aka yi shi. Furodusan da ya sayar da filinsa ya yi fim ɗin kuma galibi ko sisi ba ya gani.

Duk da haka, kada a raina masu turi. A Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle, ɗan Maradun, ta sa aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, YouTube da manhajar kallon fim ta Northflix sun zama labari na tsawon makonni. Abin da ke ajiye cikin kwamfutar mai shago da memorin jama'a shi ne kaɗai ya rage na kallo. A aikace, waɗannan samari su ne ma'adanar fim ta karkara, ba tare da kowa ya naɗa su ba.

Sai dai aikin ya fi ƙarfinsu. Ana buƙatar a bi tsofaffin kamfanoni irin su Sarauniya da Iyan-Tama da Lerawa a nemo ainihin kaset ɗin da aka tace fim a kansa, a juye shi da inji mai kyau, a rubuta sunan kowa, a yi yarjejeniya da masu haƙƙi ko magadansu. Lokaci kuma yana ƙurewa ta wajen mutane: Aminu Hassan Yakasai, wanda ya rubuta Turmin Danya, ya rasu tun 2001, jarumi Ahmad S. Nuhu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta taskace labarin wancan zamani a takarda, kuma da ita za a iya tantance shekaru da sunaye.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, hukumar da ma'adanarta ke Jos, wadda kuma ta ga yadda aka ceto Shehu Umar. Mainan Sangaya ya san kamfanonin, ya san iyalan waɗanda suka rasu, ya san su wa za a tambaya inda kwalayen kaset ɗin suke.