Gandun Dajin Gadabeji: Abin Yabo da Abin Gyara

 Yau za mu auna wani wuri ne da ke cikin jiharmu ta Maraɗi, wato gandun dajin Gadabeji. A da Turawa sukan taso daga bayan teku su zo ganinsa, amma da yawa daga cikinmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Za mu faɗi abin da ya yi kyau game da shi, mu kuma faɗi inda aiki ya rage.

Gadabeji yana arewa da Dakwaro, cikin ƙasar Barmo, bayan an ƙetare kwarin Tarka. Can ne gonaki suke ƙarewa, ƙasar kiwo ta fara. A shekarar 1955, zamanin mulkin Faransa, aka keɓe hekta 76,000 aka ce ba farauta, ba sara, ba noma a ciki. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya take kula da su. Ta haɗa da ƙasar da ke kewaye da shi, har faɗin ya wuce hekta miliyan 1. A wannan tsari an raba ƙasar kashi uku: tsakiya ta namun daji ce, gefenta ana amfani da shi bisa ƙa'ida, can waje kuma mutane suna zaune suna harkokinsu.

Mai son zuwa daga wajenmu, hanyar da aka fi sani ita ce ya biyo ta Maraɗi ya kama hanyar Dakwaro. Daga Dakwaro kuwa sai rairayi, sai mota mai ƙarfi da direban da ya san daji. Dole a riƙe ruwa da guzuri, a kuma nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a shiga. Lokacin da ya fi daɗin tafiya shi ne bayan kaka, cikin ɗari, kafin zafin bazara ya sauka.

Wanda ya isa zai ga tuddan rairayi da ciyawa ta rufe, da ƙarangiya mai kama wando. Zai ga aduwa da danya da kandili da dashi, waɗansu sun yi girman da ba a cika gani a gonakinmu ba, domin gatari bai taɓa su ba. In ya yi sammako ya yi shiru, zai ga barewa da dila da jan biri, ga tuje a ƙasa, ga mikiya da ungulu bisa itace. In kuma ya yi sa'a, zai ga raƙumin dawa yana cin ganye daga kan itace ba tare da ya ɗaga ƙafa ba.

Abin yabo na farko shi ne wannan raƙumin dawa. Kakanninmu sun san shi a wannan yanki. Farin 1973 da farauta suka gama da shi a Gadabeji. Irin namu na Afirka ta Yamma ya ƙare a ko'ina, sai ɗan abin da ya rage a Kure, kusa da Yamai. A shekarar 1996 an ƙirga su, aka tarar 49 kaɗai suka rage a duniya. Gwamnati ta tsaya, mutanen ƙauyukan Kure suka ba da haɗin kai, har zuwa 2018 suka wuce 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko 8 cikin manyan motoci, aka yi tafiyar kilomita 800 da su, aka sake su a Gadabeji. A 2022 aka ƙaro 4. Sun zauna, har sun fara haihuwa.

Wannan aikin hankali ne, kuma kowane makiyayi zai gane shi. Mai garke ba ya tara dabbobinsa duka a wuri guda, don kada ciwo ko ɓarawo su kwashe su rana ɗaya. Abin da ya faru a Kure ranar 9 ga Agusta 2020, inda ƴan bindiga suka kashe mutum 8, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, ya nuna cewa wuri ɗaya bai isa abin dogara ba.

Abin yabo na biyu shi ne itatuwa. Gadabeji kamar madubi ne. Manomin Mayahi da ya tsaya a ciki zai ga yadda ƙasar kakansa take kafin fari da sara su cinye ta. Yaron da bai taɓa ganin barewa ba sai a tatsuniya, zai gan ta da idonsa. Gani ya kori ji.

To, yanzu sai abin gyara.

Na farko, maganar mallaka. Waɗanda suka shata iyakar gandun a 1955 baƙi ne masu mulki, kuma ba da shawarar talakawa ake irin wannan aiki a wancan zamani ba. Fulani da Abzinawa suna kiwo a wannan ƙasa tun kafin a haifi wanda ya zana taswirar. Makiyayi yana cikin matsi ta ko'ina. Dokar 1961 ta sa wa noma iyaka daga arewa, amma gonaki sun daɗe da ƙetare ta, domin mutane sun yi yawa, ƙasa ta gaji. A shekarar fari, in makiyayi ya ga shanunsa suna faɗuwa, ga kuma ciyawa a tsaye cikin gandu, tara ba za ta tsare shi ba. Abin da zai tsare shi shi ne ya ga yana da rabo: aikin gadi ga ɗansa, rijiya a gefen gandu, da murya a wurin da ake yanke shawara. Tsarin 2017 ya yi alkawarin haɗa mutane da daji. Alkawari a takarda abu ne mai kyau, amma a bakin rijiya ake gane ko an cika shi.

Ba mu kaɗai muke da wannan matsala ba. A Amurka, lokacin da aka kafa gandun Yellowstone a 1872, ƴan asalin ƙasar ne aka fitar. A can cikin hamadar Ostiraliya kuwa akwai wani babban jan dutse da ake kira Uluru, wanda dubban baƙi suke zuwa kallo. A 1985 gwamnatin ƙasar ta mayar wa ƴan asalin wurin, mutanen Anangu, mallakar ƙasarsu. Su kuma suka ba hukuma haya, ana gudanar da gandun tare da su, suna samun kaso daga kuɗin shiga. A 2019 aka hana hawan dutsen, domin a wurinsu wuri ne mai alfarma. Darasin a fili yake: gandun da masu ƙasa suke da baki a cikinsa ya fi daɗewa.

Na biyu, maganar ziyara. Yawancin abin da aka rubuta game da Gadabeji da Faransanci ne ko Turancin Ingila. Hotunansa masu kyau suna intanet, inda baƙo zai gani ya yi sha'awa. Kuɗin hayar mota da na mai sun fi ƙarfin mai sayar da tiyar gero. Ta haka wurin ya zama na mai kuɗi da mai bincike, ɗan jiha kuwa sai labari. Wannan kuskure ne, domin baƙo na lokacin zaman lafiya ne. Da an ji ƙarar bindiga sai ya ɗauke ƙafa, kuɗinsa ma su ɗauke. Wanda zai zauna da dajin har abada shi ne ɗan ƙasa. In ana son gandu ya rayu, a rubuta labarinsa da Hausa da Fulatanci da harshen Abzinawa. A karanta shi a gidajen rediyon karkara. A kai yaran lakwal da ɗaliban yaƙi da jahilci su gani, ko da sau ɗaya a shekara.

Na uku, maganar ɓarna. Raƙumin dawa bai san iyaka ba, yana tafiya mai nisa. Manoman Kure sun daɗe suna kukan yana cin wake da mangwaro. In garken Gadabeji ya yi yawa, wata rana zai leƙo gonakin da ke kudu. Ya kamata tun yanzu a san wanda manomi zai kai wa ƙara, da yadda za a auna ɓarna, da wanda zai biya. In aka bari sai abin ya faru, manomi zai ɗauki dabbar a matsayin abokin gaba, kuma duk wahalar da aka sha wajen kawo ta za ta tashi a banza.

Akwai wani abu da masu kula da gandu za su koya daga gare ku. Bayan yunwar 1984, wadda aka yi wa laƙabi da El Buhari, manoman Maraɗi da Damagaram suka kama sassaben zamani. Suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon gawo da sabara da kalgo, suna gyara shi har ya zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar. Ba gardi ne ya tsare waɗannan itatuwa ba. Manomi ne ya tsare su, tun da ya tabbata itacen gonarsa nasa ne. Haka kuma gorubar Gulbin Kaba, wadda mata suke samun kaba da kuɗin cefane daga gare ta: inda mutanen gari suka ɗauke ta tasu, nan take tsira.

Hukuncinmu ke nan a kan Gadabeji. Wuri ne da ya cancanci a je a gani, kuma waɗanda suka dawo da raƙumin dawa sun cancanci godiya. Sai dai aikin rabi aka yi. An dawo da dabba, saura a jawo mutane. Ku kuma masu karatu, ku tattauna wannan magana a ajinku da wurin taron ƙungiya. In gari ɗaya ba zai iya hayar mota ba, garuruwa uku za su iya. Ku tambayi ma'aikacin gandun daji na wajenku yadda ake neman izini. Ku tambayi tsofaffi sunayen namun dajin da suka sani a ƙasarku, ku rubuta su a littafinku tun suna da rai.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.