Inabin Kudan da Darajar Sunan Gona

Duk wanda ya tsaya a Dogarawa da rani zai ga masu tireda da nonon inabi a jere. Mai saye yakan ɗaga ɗaya, ya duba girman 'ya'yan, ya tsinki ƙwaya ya jefa a baki, sannan ya ce, “Malam, nawa za ka bar mini?” Abin da ba a cika tambaya ba shi ne daga gonar wa aka yanko shi. Manoman Hunkuyi da Kudan sun sa inabi ya zama ɗan gida a ƙasar Zazzau, amma da zarar an loda shi a mota sunan mai gona ya ɓata.

A Faransa sunan gonar shi ne jarin. A shekarar 1855, lokacin baje kolin duniya na Paris, Sarki Napoleon na Uku ya nemi a tantance gonakin inabi na yankin Bordo. Dillalai ne suka yi aikin, suka kasa gonakin aji biyar bisa farashin da kayan kowace gona ya saba yi a kasuwa. Huɗu kacal suka shiga ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Su giya suke yi da inabinsu, abin da addininmu ya haramta, kuma ba ita muke nema ba. Abin dubawa a nan shi ne yadda aka ɗaura wa gona suna har mai saye ya yarda ya biya don sunan.

Tsarin yana da aibinsa. Farashi aka auna, kuma jerin ya daskare: sai a 1973 aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa ajin farko, bayan shekara 118. Ke nan jika yana cin darajar kakansa ko da ya yi sakaci. Maƙwabtansu na Saint-Émilion, da suka fara nasu a 1955, sun fi dabara, domin sukan sake tantancewa kusan duk shekara goma.

Namu inabin na ci ne, don haka ma'auninsa a fili yake. Na farko zaƙi. Akwai 'yar na'ura da ake ɗiga wa ruwan ƙwaya ɗaya ta nuna yawan sukari, kuma ƙa'idar cinikin duniya ta ɗauki maki 16 a ma'aunin Brix a matsayin alamar nuna. Wannan yana da muhimmanci domin inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, in an yanke shi bai ƙara zaƙi. Manomin da bashi ya matsa wa ya yanka da wuri, tsami zai kai kasuwa har abada. Sai kuma tsabtar nono, da kwanakin da aka bari tsakanin feshin ƙarshe da yanka, da yadda aka jera shi a kwali.

A yanzu wanda ya kafa rumfa mai kyau, ya yi wa itacen aski a kan kari, ya jure ban ruwa har 'ya'yan suka nuna, kusan kuɗi ɗaya yake karɓa da mai gaggawa. Wa zai ci gaba da haƙuri in haka ne?

Masana ba su yi mana nisa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ta wayar da kan manoma, NAERLS, duk suna nan Samaru. Su haɗa kai da ƙungiyoyin manoma a riƙa zagaya gonaki kowace kaka, a auna, a ba da shaida ta shekara ɗaya tak, a rubuta sunan gona a jikin kwali. Kai kuma mai saye, in ka tsaya Dogarawa, ka fara tambaya: “Na gonar wa ne?”