Hoton HDR da Yadda Ake Yi wa Ɗan Koyo Gyara

Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin zaure da rana tsaka yana son ɗaukar hoton ƙofa ya san matsalar. Ido yana ganin tabarmar da ke ciki, yana kuma ganin masu wucewa a waje. Kyamara kuwa ɗaya take zaɓa: ko ciki ya fito waje ya zama fari fat, ko waje ya fito ciki ya yi baƙi ƙirin. Dabarar HDR maganin wannan ce. A ɗauki wuri guda sau uku ko biyar ba tare da an motsa kyamara ba, wani da duhu, wani daidai, wani da haske, sannan a haɗe su a kwamfuta.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yake ɗaukar teku daban, sararin sama daban, ya buga su a takarda ɗaya. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Berkeley a Amurka suka fitar da lissafin haɗa hotunan a kwamfuta. Photoshop ya shigo da shi a 2005, manhajar Photomatix ta yaɗa shi, iPhone kuma ta sa shi a aljihun mutane a 2010.

Haɗawar ba ita ce wahala ba. Allon waya da takardar bugu ba sa iya nuna duk hasken da aka tara, don haka sai an matse shi, kuma a wajen matsewar ne ɗan koyo yake zarmewa. Ya ga maɓallai, sai ya ja kowanne har ƙarshe. Alamun ba sa ɓuya. Wani farin zobe yana bin gefen hasumiya daidai inda ta haɗu da sama. Gajimare ya yi dauɗa kamar hayaƙin taya. Kowane tsagi a jikin bango yana neman a kalle shi, har ido ya rasa inda zai sauka. In akwai abin da ya motsa tsakanin ɗauka da ɗauka, doki ne ko reshen darbejiya, sai ya fito biyu-biyu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fuskar mutum: baƙar fata mai sheƙi takan koma toka-toka, domin manhaja ta ɗauki duhunta a matsayin inuwar da za a haskaka.

To, ɗan koyon ya kawo hoton yana neman a duba masa. Mafi yawan abin da yake samu iri biyu ne. Abokai su ce "Masha Allah, aiki ya yi kyau." Tsofaffin hannu kuma, waɗanda suka gaji da yayin HDR tun shekarun da ya cika intanet, su ce "Wannan ai zane ne, ba hoto ba." Na farkon kara ce, na biyun gaskiya ce da ba ta koya masa komai. Gobe zai sake yin abin da ya yi, ko ya ajiye kyamarar gaba ɗaya. Mun dai san gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai an nuna wa mai kayan gefen da ya karkace.

Mai gyara na ƙwarai tambaya yake fara yi: "Ina hoton tsakiyar, wanda ba ka taɓa ba?" Sau da yawa a nan magana take ƙarewa, domin za a tarar hoton ɗaya ya wadatar. Wanda ya ɗauki kasuwa da safiyar hunturu, hazo ya riga ya rage tazarar haske da duhu, babu abin da HDR zai ceto. Kyamarorin yanzu ma, in an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, suna riƙe da yawa daga abin da ake ganin ya ɓace. In kuwa wurin ya cancanta, kamar zauren nan, sai a sa yatsa a wuri ɗaya: "Dubi gefen ƙofar, ka ga farin layin? Sassauta har ya ɓace." Gyara ɗaya ko biyu, ba goma ba.

Akwai kuma abin da ɗan koyo ya fi jinkirin yarda da shi, wato ba kowace inuwa ake korewa ba. Inuwa ce take nuna wa mai kallo inda rana take da kuma kaurin bango. Zauren da aka haskaka kowane lungunsa ya daina zama zaure. Don haka in ɗalibinka ya kawo maka irin wannan hoto, kada ka yabe shi kuma kada ka yi masa dariya tukuna. Ka sa ya buɗe na asalin kusa da wanda ya gyara, ya faɗa maka da bakinsa abin da ya ƙaru.